Iskar da Aka Kulle a Akwati: Tarihin Tsohuwar Sifika da Gyaranta

A gidajen tsofaffin ma'aikata da yawa, a Kaduna ko Zariya ko Jos, har yau za ka tarar da wasu akwatunan katako guda biyu an jingine su a lungun falo an ɗora musu hoton aure, ko kuma an tura su sito tare da tsofaffin jaridu. Galibinsu sun shigo ƙasar nan ne a tsakiyar shekarun 1970, zamanin da kuɗin mai ya bunƙasa, aka kuma biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a farkon 1975, kowa ya nufi kanti neman abin da ya daɗe yana ci masa rai: wani babur, wani firji, wani kuwa na'urar faifai da amfilifaya da sifikoki biyu. Mahaifina yana cikin rukuni na uku. Da na ɗauko nasa bayan sun shekara da shekaru a kulle, na cire yadin da ke rufe fuskar ɗaya, na sa yatsa a kan zoben da ya kewaye bakin babbar sifikar, sai ya marmashe mini a hannu kamar busasshen ganyen kuka. Mai gyaran rediyon da na kai wa bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta riga mu gidan gaskiya. A cire ta a sa maka ta mota, ka ji bes har maƙwabta su kai ƙara."

Ban yarda ba, kuma dalilin ƙin yardar tawa shi ne wannan rubutu. Abin da ya marmashe ɗin soso ne wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma akwai tarihi a bayansa. Kusan kowane ciwo da ke kama tsohuwar sifika sawun wata shawara ce da wasu mutane suka yanke a wata shekara bisa wani dalili. Wanda ya san shawarar ya san inda zai duba, ya kuma san abin da bai kamata ya taɓa ba.

Asalin ginin sifikar da muka sani bai sauya ba tun 1925, shekarar da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka wallafa bayanin aikinsu. Mazurari ne na takarda, a gindinsa an naɗe siririyar wayar tagulla a kan ɗan bututu, abin da masu gyara ke kira koyil. Koyil ɗin yana zaune a cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu. Idan lantarkin kiɗa ya ratsa wayar sai ta motsa gaba da baya, mazurarin ya bi ta, ya ture iska, kunne ya ji amo. A 1926 kamfanin RCA ya fara sayar da irinta ga gidaje. Sifikar da ke cikin wayarka ta hannu a yau jikanyar wannan ce, ba ta bar tafarkin kakarta ba.

Wahalar da ta dami magina tun farko ita ce kakkauran amo, wanda matasa ke cewa bes. Tsirkiya mafi kauri ta babbar jitar bes tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar wannan amo a cikin iska kuwa ya haura mita takwas. Mazurari yana da fuska biyu: lokacin da gabansa ke tura iska, bayansa janyo ta yake yi. Idan babu shamaki a tsakani, sai iskar gaba ta zagaya ta cike gurbin baya, amon ya kashe kansa tun bai kai kunne ba. Daɗin daɗawa, duk sa'ad da yawan kaɗawar amo ya ragu da rabi, sai mazurarin ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ƙarfin ya tsaya yadda yake. Maganin da aka sani a lokacin shi ne girma. Ana kafa sifika a jikin bango, ko a akwati mai girman firji, ko a bakin wani dogon ƙaho da aka lanƙwasa a cikin katako. Paul Klipsch ya fara ƙera nasa ƙahon a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, ya tsara shi yadda dole sai an cusa shi a kusurwar ɗaki domin bangwaye biyu su zama ƙarashen bakinsa. Irin wannan sifika wat ɗaya ya ishe ta cika falo, abin da ya dace da amfilifayar wancan zamani mai kwalaben lantarki, wadda ƙarfinta bai da yawa. Amma sai mai babban gida da babban aljihu.

A nan ne Edgar Villchur ya shigo. Haifaffen New York ne na shekarar 1917, kuma abin mamaki tarihin zane-zane ya karanta a jami'a. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya jefa shi gyaran rediyo da na'urorin sadarwa na sojan sama a yankin tekun Pasifik. Da aka sallame shi ya buɗe shagon gyaran rediyo a unguwar Greenwich Village, daga baya ya riƙa koyar da darasin dare a Jami'ar New York a kan yadda na'ura ke maimaita sauti. Wato mai gyara ne kafin ya zama mai ƙira, kuma ina ganin hakan ya nuna a cikin tunaninsa, domin ya fara ne da tambayar da mai gyara ke yi: a duk jerin kayan nan, wane ne ya fi ɓata amo? Aunawa ta nuna masa amfilifaya ba ta da laifi sosai, sifika ce babbar mai laifi, musamman a wajen kakkauran amo.

Dalilin kuwa shi ne abin da ke maido da mazurari mazauninsa bayan kowane motsi. A sifikokin lokacin, wannan aiki na wani tauraren yadi ne mai gurbi-gurbi a gindin mazurari, da kuma bakin takardar da aka lanƙwasa aka manne a jikin ƙarfe. Su biyun sifirin ne, kamar na mota. Aibin irin wannan sifirin shi ne rashin adalci: a farkon tafiya yana da laushi, da an ja shi da nisa sai ya sandare, ya hana mazurari ƙarasa abin da lantarki ya umarce shi. Abin da ke fita daga nan jirkitaccen amo ne. Villchur ya ce to a kawar da wannan sifirin kusan gaba ɗaya, a bar mazurari ya yi laƙwas, sa'an nan a sa shi a bakin ƙaramin akwati da aka toshe ruf, iskar da ke ciki ta karɓi aikin. Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya san yadda iska ke turo hannu baya. A gwargwadon ɗan motsin da mazurari ke yi, turin iska daidai wa daida yake, ba ya sandarewa. Wani abin ban sha'awa kuma, dabarar ba ta aiki sai akwatin ya zama ƙarami, domin iskar babban akwati ba ta da taurin da ake bukata. Ƙanƙantar da kowa ke ɗauka hasara ce, a nan ita ce sharaɗi.

A gidansa da ke Woodstock ya harhaɗa na gwaji da katakon filawud. Ya yanke bakin wata sifika da ya samu, matarsa Rosemary ta ɗinka masa sabon zobe mai laushi da yadin katifa. Ya kai dabarar ga kamfanoni biyu da suka yi suna a lokacin, Altec Lansing da Bozak, duka suka ƙi. Wanda ya saurare shi ɗalibinsa ne na darasin dare, Henry Kloss, saurayin da ke da ɗan wurin ƙera akwatunan sifika a Cambridge ta jihar Massachusetts. A 1954 ya bi malaminsa gida, ya ji kakkauran amon ogan ɗin coci yana fita daga akwatin da mutum ɗaya zai iya runguma, a nan take suka shirya kafa kamfani. Sunansa Acoustic Research, ana taƙaita shi AR. A wannan shekara suka nuna AR-1 a baje kolin kayan sauti na New York a kan dala 185, a 1956 suka fitar da AR-2 mai rahusa, a ƙarshen shekarar kuma Villchur ya karɓi takardar mallakar fasaha. A 1958 aka sami AR-3, wadda ƙananan sifikokinta na siririn amo suke da siffar rabin ƙwallo maimakon mazurari, siffar da ta zama ruwan dare daga baya.

Ba a samun abu kyauta. Mazurarin da zai yi aiki a ƙaramin akwati dole ya yi nauyi, mai nauyi kuwa yana cin lantarki. J. Anton Hofmann, wanda shi da Kloss da Malcolm Low suka bar AR a 1957 suka kafa KLH da harufan farko na sunayensu, shi ake jingina wa ƙa'idar da magina ke maimaitawa har gobe: ƙaramin akwati, da kakkauran amo, da ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai za ka samu, na ukun sai ka haƙura. Villchur ya haƙura da na uku. Sifikarsa ba ta mayar da ko kashi ɗaya cikin ɗari na lantarkin da ta sha ya zama sauti, saura zafi yake zama. Da a 1935 ya fito da ita, da ta mutu a shago. Amma zamani ya taimake shi ta fuska biyu. A 1958 fayafayan sitiriyo suka shiga kasuwa, kowane gida ya bukaci sifika biyu maimakon ɗaya, kuma uwargidan da ta daure da firjin katako guda a falonta ba za ta daure da biyu ba. Sa'an nan a shekarun 1960 turansista ta maye gurbin kwalba, wat ya yi araha. Zuwa 1966 kusan kashi 32 cikin ɗari na sifikokin da ake sayarwa a Amurka na AR ne.

Tallarsu ma abin a tsaya a kai ce. Sun kama ɗaki a babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York, matafiyi ya shiga ya zauna ya saurara, ba a sayar da komai a wurin. Sun kuma riƙa shirya taro inda makaɗan goge huɗu na Fine Arts Quartet za su fara kiɗa a gaban jama'a, a tsakiya su daina su ci gaba da motsa hannu kawai, sifikoki su karɓa, a bar masu sauraro su gano inda aka yi musanyar. A kotu kuwa ba su yi sa'a ba. Da kamfanin Electro-Voice ya ƙi biyan kuɗin amfani da fasahar aka tafi shari'a, alƙali ya soke takardar mallakar bisa hujjar cewa Harry Olson na RCA ya riga ya bayyana makamancin abin. Villchur bai ɗaukaka ƙara ba. Daga nan ƙofa ta buɗe, kowa ya shiga ƙera rufaffen akwati. A 1967 ya sayar da kamfanin ga Teledyne, ya koma binciken na'urar taimaka wa masu raunin ji, inda ya fito da tsarin da ke ɗaga raunanan sautuka ba tare da ya ƙara wa masu ƙarfi ba, bai kuma nemi mallakarsa ba. Ya rasu a 2011.

Yanzu sai mu koma ga zoben da ya marmashe. Dabarar Villchur tana neman abu biyu daga wannan zobe a lokaci guda: ya yi laushi ƙwarai domin kada ya yi wa iska shisshigi, kuma kada ya bar iska ta fita. Da farko yadi aka yi amfani da shi, a shafe shi da wani danƙo mai toshe ƙofofin saƙa. Haka AR-3 take, haka KLH Model Six take. Yadi ba ya ruɓewa, shi ya sa ake samun sifikokin 1960 da zobensu garau, sai dai danƙon kan bushe, akwatin ya riƙa yoyon iska ta inda ido ba ya gani. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka koma wa soson roba. AR-3a, wadda ta fito a 1967, da yadi ta fara, daga baya aka mayar da ita soso. Kloss, wanda a lokacin ya sake kafa wani kamfanin mai suna Advent, da soso ya fitar da shahararriyar sifikarsa ta 1969, wadda ɗaliban jami'o'in Amurka suka saya ba adadi. A shekarun 1970 soso ya game duniya.

Wasu kan ce da gangan aka yi, domin kaya su lalace a sake saye. Ban gamsu da wannan zargi ba. A ranar da aka manna shi, soso ya fi yadi ta kowace fuska da mai ƙira ke dubawa: ba shi da nauyi, yana da laushi, yana shanye karkarwar da ke isa bakin mazurari maimakon ya maido ta, ga sauƙin ƙira da inji. Aibinsa a cikin sinadarinsa yake, kuma sai da shekaru yake bayyana. Irin soson da aka fi amfani da shi a lokacin, damshin iska yana warware ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinsa sannu a hankali, zafi kuma yana gaggauta abin. Cikin shekara goma zuwa ashirin sai ya zama gari ko ya yi danƙo. Ko a kulle a kwali yake sai ya ruɓe, saboda haka kada wanda ya ce maka "ba a taɓa kunna ta ba" ya ruɗe ka. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara ke miƙa kaya ga damshin damina, wa'adin ya fi gajarta. AR tana ba da garantin shekara biyar, abin da ake ganin karamci ne a lokacin, soson kuma yakan wuce wa'adin garantin lafiya lau kafin ya fara.

Gyaransa aikin haƙuri ne, ba ya bukatar gwaninta mai yawa. Abu na farko, a daina kunna sifikar da zobenta ya yage. Zoben ne ke riƙe koyil a tsakiyar raminsa, tazarar da ke tsakanin waya da ƙarfe kuwa ba ta kai milimita ɗaya ba. Da ya karkace sai ya riƙa goga, rufin wayar ya kankare, ciwon da soso zai warkar ya koma na sake naɗi. Ana kankare tsohon soson daga bakin takarda da jikin ƙarfe, a goge da sifirit, a samo sabon zobe wanda faɗinsa da laushinsa suka yi daidai da na asali. Ana fara manna gefen ciki a jikin mazurari da farin gam mai ruwa wanda ba ya sandarewa idan ya bushe. Sufa gulu ba shi da wuri a nan, yana ƙona soso yana kuma karyewa. Kafin a manna gefen waje sai an daidaita koyil, ko dai a yanke murfin tsakiya a soka siraran takardu kewaye da shi, ko a saka wa sifikar kakkauran amo marar ƙarfi daga waya, ana gyara zaman zoben har a daina jin ƙarar guga. Da an maida ta akwati, a tabbata bakin ya toshu da abin liƙi. Gwajin kuwa ba ya son na'ura: buɗe yatsu ka danna mazurarin a hankali, ka saki. Idan ya dawo sannu, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, iskar Villchur tana nan a kulle. Idan ya yi tsalle ya dawo nan take, akwai yoyo.

Daga nan mai karatu zai ga abin da ya sa shawarar mai gyaran nan ta zama kisa. Babbar sifikar AR-3a idan tana waje ita kaɗai, laƙwas take, kaɗawar da ta fi yi mata sauƙi tana ƙasa da abin da kunne ke ji sosai. Iskar akwatinta mai cin lita 48 ce ke ɗaga wannan kaɗawa zuwa 42 a daƙiƙa, daidai inda aka nufa. Sifika da akwati abu ɗaya ne da aka auna tare. Ka cire ta ka sa ta mota, wadda aka ƙera da tauri domin ta jure rana da girgizar hanya, sai taurinta ya haɗu da na iska, kakkauran amon ƙasa ya ɓace, a bar ka da wani bugu guda mai kama da dukan jarka. Zai yi ƙara, wannan gaskiya ne, shi ya sa mai gyara da mai kaya sukan rabu suna murna. Haka nan wanda ya sa zoben baƙar roba mai kauri a gurbin soso don "ya fi ƙarko", ko ya kwashe audugar gilashin da ke ciki don tana sa ƙaiƙayi, ko ya huda akwatin don "bes ya sami hanya".

Batun huda yana bukatar bayani, domin akwai akwatunan da da ramin aka haife su. A 1961 wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin yadda za a daidaita sifika da akwati mai rami, aikin ya kwanta shekara goma ba wanda ya kula, sai a 1971 da aka sake buga shi a Amurka. Richard Small na Jami'ar Sydney ya faɗaɗa shi a shekarun da suka biyo. Da lissafi ya samu, akwati mai rami ya dawo da ƙarfinsa, tunda ya fi rowar wuta. Da yawa daga cikin kayan Jafan da suka cika kantunanmu a shekarun 1970, da waɗanda ke shigowa gwanjo ta kasuwar Alaba a yau, wannan tsari suke bi, wasunsu ma da zoben yadi mai gurbi-gurbi wanda ba ya ruɓewa. A irinsu gwajin danna mazurari ba ya nuna komai, kuma toshe ramin ɓarna ce daidai da huda rufaffe. Tambayar farko ga mai gyara ita ce wane irin akwati ne a gabansa.

Ciwo na biyu a yawa shi ne shirun tuwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn amo. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. A cikin akwati akwai wasu 'yan kayan lantarki da ke raba amo, su aika kowane kashi ga sifikar da ta dace da shi. Bari mu kira su mararraba. Magina na shekarun 1950 da 1960 sun san ɗakuna sun bambanta, sai suka sa maɓallan murɗawa a bayan akwati domin mai gida ya ƙara ko ya rage siririn amo. Karamci ne da ya zama alhaki, domin ƙarfen cikin maɓallan yakan yi koren tsatsa ya yanke hanya. A tsofaffin AR wannan ya zama sananne har ba a fara zargin komai kafin shi. Murɗa maɓallin gaba da baya ana kiɗa. Idan amo ya zo ya tafi da ƙarar ƙwas-ƙwas, an kama ɓarawo, wankewa da gogewa ya isa. Kafin wannan ma akwai gwajin da ya fi sauƙi, wanda mutane ke mantawa: musanya wayoyin hagu da dama. Idan ciwon ya bi waya ya koma ɗaya akwatin, amfilifaya ce ba ta da lafiya. Mita kuma tana faɗin gaskiyar koyil: sifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, idan ba ta nuna komai ba wayar ta tsinke. Daga shekarun 1970 an riƙa ɗura wa wasu tuwitoci wani baƙin mai da maganaɗisu ke riƙewa, wanda asalinsa daga binciken hukumar NASA ne, domin ya sanyaya koyil. Shi ma yakan kafe ya yi kauri, amo ya dushe, ana kuma iya share shi a sa sabo.

A kan kafasitocin mararraba ne masu sha'awar abin suka fi musu. Masu araha da aka fi sawa suna da ɗan ruwan sinadari a ciki, wanda ke bushewa da shekaru, ƙimarsu ta kauce daga abin da aka rubuta, iyakar da ke tsakanin sifikoki ta gusa. Wani lokaci har kakkauran amo ya riƙa kutsawa cikin tuwita ya ƙona ta. Sauya su da sababbi masu ƙima ɗaya gyara ne na hankali. Inda nake ja da baya shi ne inda gyara ke rikiɗa ya zama "ingantawa". Kafasitar zamani mai tsada ba ta tare lantarki kamar tsohuwa, mai ƙira kuwa da tsohuwar ya auna, ya sa taurinta a lissafi. Sai ka kashe kuɗi ka tarar amo ya yi tsini fiye da yadda aka nufa. Misalin da ya fi gamsar da ni daga Ingila yake. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin BBC suka tsara wata 'yar ƙaramar sifika, LS3/5a, domin motocin ɗaukar shirye-shirye a waje, suka ba kamfanoni lasisin ƙera ta da kayan KEF, bisa sharaɗin kowace ta yi amo ɗaya da 'yar'uwarta. Da halin babbar sifikar da KEF ke kawowa ya ɗan gusa a shekarun 1980, sai da aka sake ta, aka kuma sake tsara mararrabar gaba ɗaya wajen 1987, duk don amon ya tsaya inda yake. Idan ma'aikata mai ɗakunan gwaji ta sha wannan wahala a kan ɗan gushi, sai a yi tunanin abin da ke faruwa idan mutum ya cusa tuwitar da ya tsinta a kasuwa don ramin ya yi daidai da ita.

Akwai sawu guda a bayan sifika wanda ya fito daga nahiyarmu. Juya tsohuwar sifika ka dubi maganaɗisunta. Idan ɗan dunƙule ne a ɓoye cikin tukunyar ƙarfe, alniko ne, haɗin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe. Idan faffaɗan baƙin zobe ne a tsakanin faranti biyu, ferayit ne. Wasu kamfanoni sun riga sun koma ferayit tun da wuri saboda araha, amma manya irin JBL sun riƙe alniko har zuwa 1978. A watan Mayun wannan shekara 'yan tawaye suka ƙetaro daga Angola suka kama Kolwezi, garin ma'adinai a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen haƙar kobal. Sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka sauka, aka yi asarar rayuka masu yawa, farashin kobal ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Kafin shekara biyu alniko ya kusa ɓacewa daga sifikokin gida. Ga mai gyara bambancin yana da amfani. Alniko yakan rasa wani kashi na ƙarfinsa idan an taɓa dukansa da wuta mai yawa, ana kuma iya sake cajinsa da na'ura. Ferayit ba ya raunana haka, amma da gam aka haɗa shi da farantansa. Idan akwati ya faɗi, ko tsatsa ta ci ƙarƙashin gam ɗin, sai ya goce ya maƙure koyil, mazurari ya ƙame ƙam.

Na mahaifina ferayit ne, bai kuma goce ba. Zoben soso na jira wata biyu kafin ya iso ta hannun wani abokina da ya dawo daga tafiya, na kuma ɓata guda ɗaya a gwajin farko saboda na yi gaggawar manna gefen waje. Mai gyaran nan, da ya ga abin da nake nufi, shi ya naɗe mini hannun riga muka kankare tsohon gam tare, yana yi yana girgiza kai. Da muka ɗaure ta farko a akwatinta na danna mazurarin na saki, ya tsaya kamar mai tunani, sa'an nan ya taso a hankali. Ta biyun ta yi tsalle ta dawo, muka kwashe rabin yini muna neman yoyon, ashe ta ramin da waya ke shiga ne a baya. Tuwitar hagu har yanzu tana ɗan dushewa idan aka gwada ta da ta dama, kafasitarta kuma ban riga na auna ba.